Wai bakan gizo ne ya shanye mana ruwa

Jiya bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso har mata suka kwashe shanya, sai ga bakan gizo ya fito tun daga bayan masallacin unguwarmu har can wajen gonaki. Ba a fi minti ashirin ba hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauka mana ba. Gwaggo tana kan tabarma ta ce "shikenan, ya shanye mana ruwan." Da wannan maganar muka tashi, kuma ban ga laifinta ba, wanda geronsa ke jiran ruwa dole ransa ya sosu.

Amma fa bakan gizo ba ya shan komai. In ma ka gan shi to ruwa ne ke zuba a can wajen da kake kallo, don in babu ɗigon ruwa a sama ba zai fito ba sam. Hasken rana da muke gani fari launuka ne a haɗe, in ya shiga ɗigon ruwa sai ya karkace, ya bugi bayan ɗigon daga ciki ya dawo, wajen fita ya sake karkacewa, kuma kowane launi da irin karkacewarsa, nan suke rabuwa. Ja yana dawowa a kusurwar kusan digiri 42 (digiri ma'aunin kusurwa ne), shunayya a kusan 40, shi ya sa kullum ja ke sama, sai ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, sai mai duhu kamar baban marina, shunayya a ƙasa. Newton, masanin kimiyya na Ingila, shi ne ya ƙirga su bakwai, ni dai idona biyar yake rabewa da kyau.

Kuma ka lura, duk ranar da ka gan shi rana tana bayanka. Miƙa hannu ka auna daga inuwar kanka zuwa bakan, wajen taƙi biyu za ka samu. Shi ya sa ba ka ganinsa da azahar, a nan wajenmu rana tana tsakiyar ka a lokacin, sai ta sauko ƙasa da digiri 42 tukuna, wato da hantsi ko la'asar sakaliya. To mu kuma hadarinmu daga gabas yake zuwa, galibi da yamma, ka ga rana na yamma tana haska ruwan da ke sauka a gabas tun bai iso mu ba. In hadarin ya ƙare a hanya ko ya kauce, abin da ido ya gani na ƙarshe shi ne bakan, sai a ɗora masa laifi.

Jiyan ma akwai na biyu a samansa, dishi-dishi, launukansa a juye ja a ƙasa. Wannan hasken sau biyu ya bugu a cikin ɗigon kafin ya fita. Abin da ke burge ni wallahi shi ne tun wajen shekarar 1300 wani malami a Tabriz ta ƙasar Iran, Kamaluddin al-Farisi, ya gano wannan. Ƙwallon gilashi ya cika da ruwa ya mai da shi kamar ƙaton ɗigo, ya sa a ɗaki mai duhu ya bar haske ya shigo ta ƙaramar kafa yana bin hanyarsa. Descartes na Faransa sai a 1637 ya zo da lissafin kusurwar. Ina jin takaici da ba a koya mana sunan al-Farisi a makaranta ba.

Yau da hantsi na tara yaran gidanmu a tsakar gida, na ce su juya wa rana baya, na huda ledar fiya wata da allura na matsa ruwan ya fita feshi-feshi ta gefen inuwar katanga. Ƙaramin baka ya fito a gabansu, suka hau ihu suna kai hannu su kama. Na ce "Gwaggo, zo ki gani don Allah." Ta taso a hankali ta tsaya daga gefe ta ce ita ba ta ga komai ba, sai da na kamo hannunta na tsayar da ita daidai inda nake. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce "ikon Allah, sake matsawa in gani."