Hoton huhu da lambar da ke kan yatsa

Lokacin korona, daga 2020 zuwa 2021, ina cikin likitocin da aka tura ɗakin keɓe masu cutar a wani asibiti a nan Jos. Abu biyu nake yini ina dubawa: hoton ƙirji, da lambar da 'yar na'urar nan ta yatsa, oksimita, take nunawa, wato yawan oksijin da ke cikin jini.

Galibi bakinsu ɗaya. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, kuma a siti sikan, wato hoton kwamfuta mai nuna cikin huhu dalla-dalla, ana ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ciwon ya ci shi, jimla 25. Korona tana da irin zanenta: wani fari-fari kamar hazon hunturu a kan duwatsun Shere, ana hango jijiyoyin jini ta cikinsa, ya kwanta a gefe-gefen huhu, ƙasa-ƙasa ta wajen baya, kuma dama da hagu. Tarin tibi da muka saba gani sama yake hawa, ya yi rami. Duk wanda makinsa ya doshi 20, da wuya ka same shi ba ya neman oksijin.

Inda suka saɓa, nan na fi ƙaruwa. An kawo wani dattijo yana zaune daram, yana hira, har yana tambayar ko za a bari a kawo masa shayi. Na maƙala masa na'ura ta nuna 82, alhali lafiyayye daga 95 zuwa sama yake, ƙasa da 90 kuwa ciwo ya tsananta. Ya ce, "Likita, ni fa gajiya ce kawai." Na ce, "Baba, a yi haƙuri a kwanta tukuna." Abin da ke sa mutum haki ba ƙarancin oksijin ba ne da farko, taruwar gurɓatacciyar iskar da ya kamata a fitar ce. A farkon korona huhu bai riga ya sandare ba, yana fitar da ita sarai, sai jiki ya yi shiru. Ga shi kuma jijiyoyin da ya kamata su tsuke a inda huhu ya lalace, su karkatar da jini zuwa sashe mai lafiya, ba sa tsukewa. Jini ya ratsa ta wurin da babu iska, ya fito yadda ya shiga. Shi ya sa muke kifa majinyaci rub da ciki: bayan huhu, inda ciwon ya fi yawa, ya samu ya buɗe. Kana tsaye za ka ga lamba tana hawa.

Wani lokaci kuma hoto ya fito da ɗan sauƙi, amma oksijin ya faɗi warwas. Idan na ga haka, gudan jini a jijiyar huhu nake fara zargi, domin hoton da ba a saka ruwan rini a jijiya ba ba ya nuna shi.

Sai batun lokaci. A kwanakin farko hoto kan fito fes, musamman eksire na yau da kullum, wanda bai kai siti gani ba. Hazon yakan kai ƙarshen munin sa wajen kwana 10, sannan ya daɗe bai washe ba, makonni ko watanni bayan mai shi ya koma kasuwa. 'Yan uwa kuwa hoto suka yarda da shi, tunda shi ake riƙewa a hannu. Kullum sai ka ji, "Ranka ya daɗe, ko a sake masa hoto?" Nakan ce su adana kuɗin don tukunyar oksijin. Ko maganin dezametazon, wanda bincike a Ingila ya tabbatar a Yunin 2020 cewa yana rage mutuwa, masu buƙatar oksijin yake amfana. Lamba ce ke sa a ba da shi, ba farin hoto ba.

Ita ma lambar sai an san halinta. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, inda oksijin da ake shaƙa ya ɗan ragu, don haka 95 a nan ba abin tashin hankali ba ne. Da asubar hunturu yatsu kan yi sanyi ƙalau, na'ura ta yi ta tsalle-tsalle, sai an murza hannu ya ɗumama. Jan farce da baƙin lalle suna rikita ta. Abin da ya fi damuna shi ne a baƙar fata takan ƙara lamba fiye da gaskiya, don haka 92 a yatsan mutanenmu ba na sakin jiki da ita. Kafin in sallami kowa nakan sa shi ya zagaya ɗaki, ko ya yi ta tashi da zama na minti ɗaya, da na'urar a yatsansa. Idan ta sauka da maki uku ko fiye, komai kyan hotonsa, sai ya ƙara kwana.