Tambayar da na kai Busua a rubuce

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanta tarihi, an ce kowa ya fita ya zauna da dattawa, ya rubuto abin da babu shi a littafi. 'Yan ajinmu suka watsu, wasu suka kama tarihin sarauta, wasu noman koko. Ni kuwa ɗan zangon Kumasi, wanda iyakar saninsa da ruwa bokitin wanka, sai na ce zan yi nawa a kan masu hawan igiyar teku a Busua. Ba kishin ilimi ne ya kai ni ba, iskar teku nake son sha da sunan karatu.

Busua ƙauyen masunta ne na mutanen Ahanta a Yankin Yammacin Gana. In ka wuce Takoradi sai ka sauka a Agona Nkwanta ka sake mota. Bakin ruwan rairayi ne shimfiɗe, ga kwale-kwale masu fenti a jere, ga 'yan shagunan da ke ba baƙi hayar allon hawan ruwa. Samarin wajen duk bakinsu ya zo ɗaya: in tarihi nake nema, in je wurin wani tsoho da har yanzu yake shiga ruwa da allonsa da sassafe.

Ranar Talata na same shi, ranar da masuntan gaɓar nan ba sa fita su. Yana zaune a inuwar kwale-kwale, ya maƙale taru a babban yatsan ƙafa yana ɗinki. Na gaishe shi da Tuwi, ya amsa da Fanti, muka fahimci juna. Na buɗe takardata mai tambayoyi goma sha biyu, na kunna rikoda a waya, na karanto ta farko: "Baba, wane Bature ne ya fara koya muku wannan wasa?"

Bai ɗago ba. Sai da ya ƙulle zarensa ya datse shi da haƙori, sannan ya ce, "Kramo, kai wa ya koya maka tafiya?" Kramo shi ne sunan da mutanen Akan, masu jin Tuwi da Fanti, ke kiran Musulmi da shi, kuma da shi ya ci gaba da kirana har na bar garin.

Ya aiki wani yaro bayan ɗaki, aka ɗauko wani guntun katako da bai kai tsawon ƙirjina zuwa gwiwa ba. Ɓarin tsohon kwale-kwale ne na icen wawa, mara nauyi, gishiri ya cinye shi ya yi fari, gefensa ya yi sumul don shan hannu. Ya ce da irinsa suka tashi. Yaro ya kwanta a kai da ciki, ya jira igiya ta taso, ya bi ta har rairayi. Babu wanda ya kira abin sana'a ko gasa, wasa ne kawai. Sai dai a cikin wasan nan manya ke gane yaron da za a iya ɗauka a jirgi.

A nan ya daɗe, ni ma a nan na ajiye biro. Ya ce igiya ba ɗaya-ɗaya take zuwa ba, ayari take yi: manya su biyo juna, sannan teku ya ɗan lafa. Mai riƙe da akalar kwale-kwale yana jiran lafawar nan ne kafin ya ce a tura, in ya yi kuskuren lissafi jirgi ya kife da mutane da taru da inji. Ya nuna mini wani waje da ruwan ya fi duhu, babu kumfa, ya tambaye ni inda zan shiga in ni ne. Na nuna nan ɗin, tunda ya fi kwanciya. Ya yi dariya har da tari. Ashe nan ne ruwan da igiya ta kawo gaɓa yake komawa teku da ƙarfi, shi ke jan baƙo ya tafi da shi. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga hanyarsa. Su kuwa masu allo da gangan suke shigarsa, ya kai su tsakiya kyauta.

Da na koma makaranta na shiga bincike, kunya ta ƙara kama ni. Masanin tarihi Kevin Dawson na Jami'ar Kalifoniya ya tattaro shaidu a kan haka. Akwai wani Bajamushe, Michael Hemmersam, da ya zauna a wannan gaɓa a shekarun 1640 ya rubuta yadda yara ke shiga ruwa da katako. Akwai James Alexander, sojan Birtaniya, da ya ga yaran Accra a 1834 suna kwanciya a kan alluna marasa nauyi, suna jiran igiya ta kawo su gaɓa. Kuma kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962, manyan jirage nesa suke tsayawa, 'yan ƙasa ne ke ratsa igiya da ƙananan jirage suna kai buhunan koko suna sauko da kaya. Duk da haka labarin da ya fi yawo shi ne wai wasu Amurkawa masu ɗaukar fim ne suka kawo abin Gana a farkon shekarun 1960. Wannan labarin na haɗiye ban tauna ba, na saka shi cikin tambayata, na kai wa mutumin da ya girmi ubana. Da ya kasance mai kara ne, da sai ya ambaci wani baƙo don ya sallame ni, ni kuma in rubuta shi a matsayin tarihi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don na yi shi ne ina ganin na waye. Na koma Busua cikin hunturu da zafina, na zauna ina yi masa wa'azi: ku ne asalin abin, an ƙwace muku tarihi, kai magajin shekaru ɗari huɗu ne. Ya bar ni na gama. Sai ya ce shi bai san shekara ɗari huɗu ba, ya san kakansa. Tsayuwa a kan dogon allo mai ƙaya a ƙasa, wanda ake juya shi dama da hagu, a wurin baƙi ya gani, kuma allonsa na farko wani baƙo ne ya bar masa da zai tafi, ya karye ya ɗaure shi da igiyar taru. "Abin da na koya a wurinsu, na koya. Abin da suka tarar, sun tarar. Kada ka ƙara mini, Kramo, kada ka rage."

Wato karon farko na zo masa da amsar Turawa, karo na biyu na zo da tawa, kuma duka biyun ban bar masa wurin magana ba. Daga ranar na daina zuwa da takarda. Nakan zauna in riƙe masa bakin taru, in ce "Baba, sai me ya faru?" in yi shiru. Rikodar ma rabin abin da ta ɗauka iska ce da kukan teku, dole da dare in zauna in rubuta abin da kaina ya riƙe. Mafi yawan abin da ya shiga kundina daga waɗannan zaman ya fito, har da wata magana da ƙanwarsa mai ƙyafe kifi ta jefo daga bakin murhu, cewa ita ma ta hau katako tana yarinya, kuma ta fi shi iyawa. Bai musa ba.

Ranar da zan tafi ya ce ba a rubuta ruwa daga tudu. Iskar hunturu na busowa daga arewa, tana tokare fuskar igiya, shi ya sa ruwan safiyar ya yi santsi. Ya kai ni inda ruwa ya tsaya mini a ƙugu, ya kwantar da ni a kan guntun katakon nan, ya riƙe ƙafata. Igiya uku suka wuce yana cewa ba wannan ba. A ta huɗu ya sake ni. Na sha gishiri ta hanci da baki, rairayi ya goge mini gwiwa, yara suna ta ihu. Da na miƙe na waiwaya, ko kallona ba ya yi, idonsa na kan wadda ke tasowa.