Kyamarar hannu: abin da nake dubawa kafin in ciro kuɗi

Sana'ata ita ce saye da sayar da kyamarori na hannu, da gilasansu (wato lens da ake ɗaurawa a gaba), da filasha, da batura, da sauran tarkacen masu ɗaukar hoto. Ƙaramin wuri ne, ni da yaran da ke taya ni. Mutane na ɗauka iya magana da mai saye shi ne aikin, amma ni a wurina ciniki yana ƙarewa ne tun ranar da aka kawo mini kaya. In na duba da kyau, na saya a kan kuɗin da ya dace da halin da kayan ke ciki, sayarwa ba ta da wuya. In kuwa ido ya tsallake wani abu, babu daɗin bakin da zai mayar da kuɗin.

Kayan hannu sun yi yawa a kasuwa yanzu, kuma da dalili. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a shekara ɗaya. Wayar hannu ta zo ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori, har ya zama daga 2020 abin da ake fitarwa a shekara bai kai miliyan 10 ba. Waɗancan miliyoyin ba su ɓace ba, suna cikin durowoyi da akwatunan mutane. Sannan a 2013 Sony ya fito da A7, mai babbar sensa (ɓangaren ciki da ke karɓar haske ya zama hoto) kuma marar madubi a ciki, Canon da Nikon suka bi sahu a 2018 da EOS R da Z6 da Z7. Ƙwararru suka fara sauya sheƙa, suna sakin tsofaffin DSLR ɗinsu, wato kyamarori masu madubi a ciki. Shi ya sa irin su Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014, waɗanda a da sai mai hali, yau ɗan koyo ke rataye da su a wuya. Hoton da suke ɗauka kuwa bai ragu da komai ba.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce lissafin shota, wato sau nawa kyamarar ta ƙyasta tun da aka ƙera ta. Kamar kilomitar mota ne: yana gaya maka tafiyar da aka yi, ba ya gaya maka irin hanyar da aka bi. Kamfani kan faɗi adadin da ya gwada shotar a kai. 5D Mark III da D750 dubu 150 ne, Nikon D850 dubu 200, ƙananan kuma kan tsaya wajen dubu 100. Wannan ba ranar ajali ba ce. Akwai wadda ke ninka adadin tana aiki, akwai wadda ke tsayawa tun ba a je ko'ina ba. Lissafin shotar Nikon da Sony yana cikin bayanan da ke manne da kowane hoto, sai ka ɗauki ɗaya ka karanta a kwamfuta. Canon galibi ba ya rubuta shi a nan, sai an haɗa kyamarar da kwamfuta an yi amfani da manhaja. Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne bidiyo ba ya ƙara lissafin yadda hoto ke yi. Kana iya samun kyamara mai lissafi ɗan kaɗan alhali ta yi shekaru tana ɗaukar bidiyo wuni guda, sensarta ta sha zafi, ramin HDMI ya yi lakwam saboda cusa waya da zarewa. Nikon Z9 ta 2021 ma ba ta da shota ta ƙarfe sam, to a kanta tambayar ba ta da wurin zama. Don haka ina duba lissafin, amma na fi yarda da robar riƙo da ta kumbura, da rubutun maɓallai da ya goge, da kan sukurori. Sukurun da sukudireba ta ci kansa alama ce an taɓa buɗe cikin, kuma sai na ji wa ya buɗe da abin da ya kai shi.

Daga nan sai sensa. Ina ɗaura gilashi, in tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, in nufi farin bango ko farar takarda, in kawar da saitin gani da gangan, in ɗauka. A babban allo duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo. Ƙura ba komai ba ce, ana sharewa. Abin tsoro shi ne layin da ke nan daram bayan an share, don wannan karce ne, yawanci daga hannun wanda ya sa tsumma ko tsinken auduga busasshe. Sai kuma in rufe gilashin da murfinsa, in bar shota a buɗe na wasu daƙiƙoƙi. Hoton ya kamata ya fito baƙi ƙirin. Jajaye da shuɗɗan ɗigo biyu ko uku ana samu a kusan kowace tsohuwar kyamara, kuma wasu suna iya ɓoye su da kansu. Layi sambal daga sama har ƙasa kuwa, wannan na mayar wa mai shi. Wasu samfuran ma da tarihinsu suke zuwa. Nikon D600 ta 2012 ta yi suna wajen tara ɗigo a kan sensa, har kamfanin ya fito da D610 a 2013, ya kuma riƙa sauya wa masu D600 shota kyauta. In aka kawo mini ita, sai na tambaya ko an yi mata wannan gyaran.

Inda na fi daɗewa shi ne kan gilashi, don nan kuɗin yake. Ina cire murafen gaba da baya, in buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, in haska tocila ta baya a karkace ina leƙe ta gaba. Kowane gilashin da aka yi aiki da shi yana da ƙura a ciki, musamman masu zuƙowa, don suna shaƙar iska duk lokacin da aka murɗa. Wannan ba ya fitowa a hoto, duk da cewa sabon shiga na gani sai ransa ya ɓaci. Ƙaramin karce a gilashin gaba shi ma da wuya ya nuna. Na baya ne ya fi illa. Funfuna ita ce babbar matsala. Tana farawa ne daga gefe, siraran zare farare masu rassa, tana ci tana matsowa tsakiya. In an kama ta da wuri, mai gyara zai kwance ya wanke. In ta daɗe, ta riga ta cinye shafin da ke kan gilashin, ko an wanke tabon na nan. Kafin ma in haska tocila nakan sunsuna jakar da aka kawo kayan a ciki. Warin danshi ya ishe ni gargaɗi. Akwai kuma hazo, wanda ke sa hoto ya fito fari-fari babu kauri, da mai da ke malalowa kan fukafukan ƙofar haske har su riƙa rufewa a kasalance. Na ƙarshe, ina ɗaukar hoton bangon da ke da rubutu ko layuka, in gwada kusurwoyi huɗu. In uku sun fito tas ɗaya ta dushe, gilashin ya taɓa faɗuwa, ko da jikinsa bai nuna ba. A wurina duk gilasai suna kwana a kabad mai busar da iska, danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma wanda na gani da funfuna ba ya shiga cikin 'yan uwansa.

Kuɗin bodi, wato jikin kyamarar ba tare da gilashi ba, yana faɗuwa, gilashi kuwa yana riƙe darajarsa. Ranar da kamfani ya sanar da sabon samfuri, wanda ke kan kantata ya ragu, ko ban taɓa shi ba. Saboda haka ba na barin bodi ya yi barci a hannuna. Gara ƙaramar riba yau da jiran babba. Gilashi mai kyau kuwa ba na gaggawa da shi. Bakin EF na Canon (baki shi ne inda gilashi ke haɗuwa da bodi) tun 1987 yake, bakin F na Nikon tun 1959, kuma da adafta gilasansu suna hawa sababbin kyamarori marasa madubi. Sai dai a nan ne mutane ke yawan ƙonewa. Gilashin EF-S na Canon ba ya shiga 5D ko 6D, duk da su ma na Canon ne. Tsofaffin gilasan Nikon na AF-D suna hawa D3500 ko D5600, amma ba za su saita gani da kansu ba, don waɗannan bodin ba su da injin da ke juya su, haka ma a kan FTZ, adaftar Nikon ta hawa kyamarori marasa madubi. Gilashin EF-M na Canon babu hanyar da zai hau bakin RF na su EOS R. Irin su Samsung NX, da aka daina fitar da sababbi bayan 2015, da Nikon 1, ina saye ne kawai in na riga na san wanda zai karɓa.

Wani matashi ya taɓa zuwa da duk kuɗin da ya tara, yana son bodi mai megafiksal mafi yawa, ya ce gilashi kowanne ma ya isa. Na tambaye shi aikin da zai yi, ya ce hoton fuska da na taro. Na ce, “Ƙanena, ka ɗauki bodin da bai kai wannan ba, ragowar ka sa a gilashin 50mm f/1.8 da filasha.” Ya ce, “Yallaɓai, ai kuna so ne ku sayar da wanda ya daɗe.” Ban yi musu ba, na ɗaura masa duka biyun ya ɗauki yaron shagona a bakin ƙofa, muka buɗe a allo. Shi da kansa ya nuna wanda ya fi. Megafiksal 24 ta isa a buga babban hoto na bango, kuma mafi yawan aikin yau a waya ake kallonsa.

Abin da ban zata ba shi ne dawowar ƙananan kyamarorin aljihu na shekarun 2000. Da ba mai tambayarsu, yanzu matasa ke nema saboda kalar hotonsu da hasken filasharsu da suke gani a TikTok da Instagram. Fujifilm X100V ta 2020 ma ta kai lokacin da ta hannu ta fi sabuwa tsada, don babu sabuwar a kanti. Ciniki ne mai daɗi, amma wahalarsa a kayan haɗi take. Wasu katin xD suke ci, na Sony kuma Memory Stick, waɗansu ba sa karanta katin SD da ya wuce 2GB. Batirinsu ya mutu ko ya kumbura, cajar ta ɓata. Kyamarar da ba ta da waɗannan ba a iya ko gwada ta, shi ya sa nake tara tsofaffin caja da katuna a akwati guda, kuma akwatin nan ya sha fitar da ni.

Kayan sata suna yawo a wannan harka, tun da abu ne ƙarami mai tsada. Duk wanda ya kawo kaya ina rubuta lambar jikin bodi da ta kowane gilashi, in ga katin shaidarsa, in tambayi rasit in akwai. Wanda ya zo da babbar kyamara babu caja, bai san inda ake kunna ta ba, yana kuma sauri, ba na ko tayawa. Lambar da aka kankare ita ma ta rufe magana. In an manta kati a ciki, mai shi nake kira ya zo ya karɓa, hotunan mutane ba hajata ba ne. Batir na jabu kuma, irin LP-E6 da EN-EL15 da ake kwaikwaya har da kwali, ina sayar da shi a matsayin abin da yake, ba da sunan na kamfani ba.

Wajen sayarwa, kowane kaya yana da takardarsa: lissafin shota, abin da aka gyara, karce in akwai, da hoton gwajin sensa. Ina ba da 'yan kwanaki na gwaji, in wani abu ya ɓullo wanda ban rubuta ba a dawo da shi. Abu ɗaya ne ba na saye ko nawa aka rage, shi ne kyamarar da ta sha ruwa, balle na teku. Tana iya kunnuwa yau ta ɗauki hoto lafiya lau, gishiri kuwa yana ciki yana cin wayoyi a hankali, bayan wata biyu ta mutu a hannun wanda ya saya a wurina. Ina gane ta da farin gari ko kore-kore a kan sukurori, da tsatsa a ramin batir da na kati. In na ga haka sai in gaya wa mai ita ya kai wa masu gyara, su kan saya don cire allo da maɓallai da murafe.