Ashe tayar tan-tan ma tana faso

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon kula da tan-tan irina, yau sati bakwai kenan da na fara jinyar tayoyin tsohuwar Massey Ferguson 375 ɗin Baffa a nan Kumo, nace bari in faɗa muku inda aka kwana.

Tun da aka gama jigilar amfanin gona a watan 12 motar take tsaye a bayan gida, ba rumfa ba komai, hunturu ya bi ta kai, sannan ranar watan uku ta riƙa dukanta tun safe. Ran da na tsuguna na duba tayar baya ta ɓangaren yamma, wallahi kamar dunduniyar ɗan tauri, tsaga-tsaga ƙanana a gefe da kuma gindin haƙoran, wata har farce na shiga. Ta ɓangaren katanga kuwa da take samun inuwa, da sauƙi sosai. Taya iri ɗaya, mai girman 16.9-30, rana ɗaya aka saka su.

Laifina na farko, bara ni da kaina na riƙa shafa musu baƙin mai wai su yi ƙyalli su daina bushewa, haka naga wasu direbobi na yi. Da na faɗa wa Malam mai faci na bakin tasha sai da ya ajiye guduma ya kalle ni, yace yaro ai kai ka dafa ta. Baƙin mai da gas da fetur duk cin roba suke, su narkar da abin da ke kare ta. Ruwa da sabulu kawai, a ɗauraye, a bari ta bushe.

Abin da ya fi bani mamaki shi ne zama wuri ɗaya ya fi aiki sa taya faso. Masu ƙera ta suna cuɗa wani kaki da sinadarai a cikin robar, idan tana juyawa tana lanƙwasa sai ya riƙa tasowa yana rufe fatar daga rana da ozon, wata iska ce mai cin roba, in ta tsaya wata huɗu wuri ɗaya kuwa na saman ya ƙare babu mai turo sabo, ga nauyi ya danne waje ɗaya, ga iska na sulalewa a hankali gefen ya ɗan kwanta, to daidai wannan lanƙwasar tsagar ke farawa. Mu kuma muna ganin mun hutar da ita ne. Shi ya sa yanzu duk Asabar nake tada ta in zaga da ita kamar minti ashirin, in dawo in tsaya ba a kan inda ta zauna da ba. Baffa na ta mitar gas, nace masa ya tambayo kuɗin taya ɗaya a Gombe tukuna, bai ƙara magana ba.

Na sayi gejin awon iskar taya nawa na kaina, na daina bugun taya da ƙafa ina cewa ta yi. Iskar da littafin motar ya rubuta nake bi, kuma da sassafe kafin ta ɗau zafi.

Rumfa ta zana muka kafa, ƙasa na shimfiɗa katakai don akwai tsohon mai da ya jiƙe a wajen. Janareton gida ma na matsar da shi nesa, shi da injin walda da duk injin lantarki mai tartsatsin wuta suna fitar da ozon ɗin nan. Buhun taki kuma ba na ajiye shi kusa da wili, yana sa shi tsatsa.

Wanda ya riga ya tsage fa ba ya haɗewa, kar wani ya sayar muku da magani. Na zagaye manyan tsagun da alli na ɗauka a waya, sati bakwai basu ƙaru ba a ido, iya nasarar kenan. Ta gaba ta hagu ce ta gagara, zare ya fara leƙowa, na duba lambar jikinta 1417 wato a sati na 14 na 2017 aka ƙera ta. Malam yace kar in kuskura in ja tirela da ita a kan kwalta. Ita zamu canza kafin a fara haro, in gyaɗar Baffa ta yi kuɗi ranar kasuwa.