Rumfar ledar da ta dafa mani tomati

Har yau in na shiga garkata na ga ƙarafan nan da sunka lanƙwashe jingine ga bango sai in ji raina ya sosu, na hana yara su kai su wurin masu sayen gwangwan, na ce a bar mani su nan in riƙa gani. Garkar tana bakin gulbi ne kan hanyar Madarunfa, ba wata babba ba, gadon tsoho ce, tun ina yaro muke noman rani cikinta, shu da salati da tomati kamar kowa.

Abin da ya ja ni ga wagga harka kowa ya san shi. Watan 1 da watan 2 tomati ya cika kasuwar Maraɗi, ka kai kwando ka dawo da kuɗɗin da ko essans ɗin motopom ba su biya ba, amma daga bazara har cikin damina ƙwaya huɗu biyat ake jera ma mata a tire da tsada. Na ce to ai ni zan yi tomati lokacin da babu. Ga kuma bidiyoyi a Facebook da TikTok, ana nuna rumfunan leda na Turkiyya da Holan, tomati ya hau igiya ya hi mutum tsawo, abin da masu boko ke ce ma ser, ƴan Najeriya kuma girinhaus. Ƙarshen 2022 na saida bijimi biyu na haɗa da adashen uwargida, wani ɗan kasuwa a Kano ya haɗa mani kaya cikakku, metir 8 bisa 24, anka biyo da su ta Jibiya da Ɗan Isa. Rumfa ce mai baka kamar rabin tonno, tsakiyarta bai wuce metir biyu da rabi ba, leda fara garau tun daga bisa har ƙasa, ƙofa guda tak. Ban tambayi komi ba sai farashi, wallahi ko kaurin ledar ban tambaya ba.

Ranar da muke kafawa wani dattijo da ya yi shekaru shina noma a Jiratawa, abokin marigayi babanmu ne, ya tsaya da kekenshi ya zagaya ta sau guda ya ce mani, ɗana, wanga ɗaki ina tagarshi? Na ce Baba ai haka ake yin shi, sai an ruhe ƙwari ba su shiga. Ya ce to Allah shi ba da sa'a, amma mu nan ƙasar inuwa muke nema da kuɗɗi, zahi kyauta muke samu. Na yi dariya na ce a raina tsoho bai san zamani ba.

Na dasa cikin watan 2, da sauran sanyi da dare, shuka ta tashi kore shar, maƙwabta na zuwa kallo ina ta hura hanci. Ashe kallon kitse nike ma rogo. Daga tsakiyar watan 3 in ka shiga ƙarhe goma sha ɗaya na sahe ba ka iya minti biyat, yaron da ke mani aiki ya ce shi dai ba ya shiga sai bayan la'asar ko da zan kore shi. Na sayi termometir na rataya, wata rana zahin waje digiri 41 na ciki 52. Hure ya yi ta hitowa shina bushewa shina zuba ƙasa kamar an kakkaɓe, ice ya yi tsawo ya yi ganye amma babu ɗa. Ni kuma da na ruɗe sai na ƙara ruwa sahe da rana da marece, ƙasa ta jiƙe jagab, ciki ya koma kamar ɗakin da anka yi wanka da ruwan zahi, hure bai daina zuba ba. Sai da na kira wani teknisiyan na aikin gona ya zo ya diba, ya ce mani ba ruwa ba ne kuma ba taki ba ne, garin da ke cikin huren tomati wanda ke sa ya ɗaure ɗa shi ne zahi ke kashewa, da rana ta wuce 35 kuma dare bai huce ba to hure zuba zai yi. Ya ce irin wagga rumfa ta ƙasashen sanyi ce, an yi ta ne dan ta tara zahi ta riƙe, kuma ta yi aikinta daidai, ni ne na kawo ta Maraɗi cikin bazara. Maganar Baba ce dai ya maimaita mani da faransanci.

Sannan jan gizo-gizon nan ƙanana ya sauka ƙarƙashin ganye, shi dama zahi ne abincinshi, ganye ya yi ɗige-ɗige ya ƙone. Abin da na tsinka duka a wannan zagaye bai cika kwando shidda ba. Ledar kuma ashe ba ta da maganin rana, wanda ake rubuta UV a jikinta, wata huɗu kawai ta fara tsagewa duk inda ta taɓa ƙarhe. Iskar hadarin farko ta watan 6 ta zo da dare ta gama aikin, dan ƙafafun cikin rairayi kawai munka soka su babu beto, da sahe na ishe rabin rumfar cikin gonar maƙwabci. Uwargida ba ta ce komi ba, ta dai tambaye ni, Malam, adashen nawa yana cikin wanne, wanda ya tashi ko wanda ya tsaya?

Na so in gyara nan da nan sai ga ruhe iyaka bayan juyin mulkin watan 7 na 2023, kaya sunka yi wuyar shigowa, sai watan 3 na 2024 anka buɗe. Jiran nan ya yi mani rana dan cikinshi ne na zauna na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko, na tahi wurin ma'aikatan INRAN, ma'aikatar binciken aikin gona ta ƙasa, a Tarna kusa da Maraɗi, na tahi Jiratawa na zauna da Baba har sau uku, kuma bai taɓa ce mani ai na gaya maka ba, wannan ya hi zagi ciwo.

Wadda na sake yi mai walda na cikin gari ya yi mani ita da tiyo galba. Ice ban ko yi tunaninshi ba, gara ba ta barin shi. Tsawon gehe metir 4, dan iska mai zahi bisa take tahiya, in rumfa ta yi gajarta bisa kan shuka take zama, abin da ya faru da ta farko kenan. Kowace ƙafa da ramin beto. Gehe huɗu duka raga ce ta hana ƙwari, babu leda ko taki ɗaya, kuma can ƙololuwa an bar baki a buɗe tsawon rumfar an sa mashi raga dan zahi shi hita. Leda bisa ruhi kawai, mai kaurin mikron 200 mai UV, kuma wannan karon sai da na sa anka nuna mani rubutun jikin nadin da takardarta kahin in ba da ko dala. Ita ma ba dan zahi na sa ta ba, dan ruwan damina ne kada shi riƙa dukan ganye shina kawo ciwo. Inda leda ke taɓa ƙarhe munka naɗe da tsumma da farin fenti.

Ragar nan akwai magana cikinta. Ana saida ta da lamba, 40 ko 50, lamba na hawa ido na ƙanƙancewa. Farin ƙudan nan da ke kawo ciwon nannaɗewar ganyen tomati sai mai lamba 50 ke tare shi da kyau, amma ita kuma tana tare iska, in ka sa ta ga gajeruwar rumfa ka koma gidan jiya. Ni 50 na ɗauka dan na riga na ɗaga gini. Abin da babu mai gaya maka shi ne ƙurar hunturu, sati biyu ta toshe idon ragar ta koma kamar bango, dole ka riƙa wanke ta da tiyo. Na yi ƙofa biyu da ɗan zaure tsakani, ka ruhe ta waje kahin ka buɗe ta ciki, in ba haka ba ƙwarin da ka kashe kuɗɗi dan tare su kai da kanka za ka shigo da su, ƙwaron nan da ake ce ma sharon da ya cinye tomatin Kano da Kaduna a 2016 in ya shiga rumfa ruhe ya samu gida.

Bisa ruhin kuma na shimfiɗa ragar inuwa mai tare rabin hasken rana, ba manne da leda ba, da tazara kamar kamu biyu dan iska ta ratsa, ina jan ta da igiya, bazara in ja, damina da sanyi in naɗe dan in inuwa ta yi yawa shuka miƙewa take yi siririya. Wani ya ba ni shawarar fanka da bangon ruwa mai sanyaya iska, gaskiya shina aiki a busasshiyar iska irin tamu, amma wuta da ruwa shike ci, ga halin wutarmu cikin bazara, in ta ɗauke ƙarhe biyu na rana ka sake dafa tomati. Na bar shi.

Ban ruwa gut-a-gut na sa daga shato, wato tiyo mai ƙananan idanu da ke ɗiga ruwa gindin shuka. Nan ma na ɗan yi wauta, na ƙi sayen filtir, ruwan foraj ɗinmu da rairayi, sati uku rabin idanun sun toshe. Filtir ɗin ko kuɗɗin buhun angire bai kai ba. Babban tiyo baƙi kuma a bizne shi, in ya kwana rana ruwan farko da zai hito kamar na shayi ne.

Kuma kada wani ya yaudare ka, raga ba kilim ba ce. Yanzu ciki kusan daidai yake da inuwar waje, wani lokaci ya ɗan hi, ke nan watan 4 da 5 ko da iri mai jure zahi kamar Mongal da nike sawa tomati ba ya ɗaurewa yadda kake so. Na daina faɗa da waɗannan watanni, ina yin pepiniyar, wato renon ƴan shuka, cikinsu, in dasa farkon damina in tsinka watan 8 da 9 lokacin da kasuwa ke nema. Tunda zuma ba ta shiga, kowace sahiya yaro na bi shina girgiza igiyoyi dan hure shi ɗaure. Zagayen farko na maida ma uwargida adashenta, bijimai dai har yanzu da saura.

Sauran nadin tsohuwar ledar da bai tsage ba kuwa na samo mashi aiki. Ƙasarmu mai rairayi tana da tsutsar nan da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, teknisiyan ya ce in jiƙa ƙasa sosai cikin watan 4 in shimfiɗa farar leda in danne gehe da ƙasa in bar ta sati shidda rana ta gasa su. Ina cikin shimfiɗawa Baba ya biyo da kekenshi ya tsaya ya ce mi kuma za a dafa bana, na ce tsutsa Baba, ya ce to wagga ledar na shaide ta, ba za ta ba ka kunya ba.