Asabar a Kafin Madaki

Ɗaurin aure ne ya kai mu Kafin Madaki yau, ni da Kawu. An shafa fatiha da wuri, rana ta take, sai ya ce, "Taso mu leƙa Gidan Madaki ka ga gini." Don kunya na bi shi, hankalina yana kan shinkafar walima.

Muna sa ƙafa a zaure zufa ta ɗauke. Sanyi kamar cikin randa, ba fanka ba komai. Na dafa bango na ji shi lumus, ga kauri kamar ganuwa.

Kawu tsohon magini ne, ya daɗe yana aikin tubali kafin bulo ya kore shi. Ya ɗaga sanda yana bin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin da ya tallafe rufin, tun daga gindi har sama.

"Kana tsammanin rodi ne a ciki? Azara ce, yaro. Giginya ake tsagawa, gara ba ta cinta. Sai dai guda ɗaya ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta yi yawa. Shi ya sa ake ɗora wata kan wata, kowacce ta ɗan leƙo gaba, a ɗaure, a bi da ƙasa, a jira ta bushe, har ɓangarorin su haɗu a tsakiya. Ɗaurin guga ke nan."

Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Wajen 1860 ya yi wannan, kuma tun 1956, kafin 'yancin kai, aka sa gidan cikin kayan tarihi na ƙasa. Ni da aka haifa a Bauchi, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba, sai yau na taka wurin. Abin kunya dai.

Da muka fito ina ta ɗaukar hoto, shi kuwa indararo yake dubawa. Ya ce ruwa ne kaɗai abokin gabar gidan ƙasa. In ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, zaizayewa zai yi ta yi.

"A cikin sa'o'inka wa ya iya haɗa makuba da ɓawon ɗorawa?"

Na ce, "Wallahi Kawu, babu."

Bai ƙara magana ba har muka shiga mota.

Shinkafar kuwa ta ƙare kafin mu koma. Yanzu ba wuta, kwanon ɗakina har yanzu huci yake, na jawo tabarma tsakar gida.