Disolban mai ƙamshin kayan marmari da kaskon turaren wuta

'Yan uwana mata na Yamai, musamman masu yi wa amare kwalliya, ina so mu yi maganar ruwan goge jan farce, disolban ɗin nan da muke saye a Babbar Kasuwa ko Wadata. Akwai mai warin da ke dukan hanci, wannan aseton ne. Akwai kuma mai ƙamshi kamar 'ya'yan itace da suka nuna, shi muka fi so don bai busar da farce kamar ɗayan, to galibi abin da ke ciki etil asetat ne, a jikin kwalbar za ki ga acétate d'éthyle da Faransanci.

Daga alkol da asid ɗin cikin binegar ake haɗa shi, kuma akwai shi kaɗan a cikin 'ya'yan itace tun asali. Masu turare na amfani da shi saboda yana tashi da sauri ya bar ƙamshi a fata, jan farcen kansa ma da shi ake narka shi. Abu ne mai amfani wallahi, mu da alwala ke sa mu goge farce kullum ai ba mu iya rabuwa da shi.

Amma fa yana kama wuta sosai. Sai digiri 77 yake tafasa, sai dai tururinsa na iya kamawa ko a sanyin digiri 4 ƙasa da sifiri, balle zafin Afrilu na garin nan da ke wuce 40. Abin da ya fi tayar min da hankali, tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake sauka, kuma a ƙasan ne muke ajiye kasko da garwashi. Ki duba ɗakin amarya ranar kwalliya, ƙofa a rufe don kar turaren wuta ya fita, labule a sake, kwalba a buɗe kan tabarma, audugar da aka jiƙa tana yashe gefen kaskon, yara na shiga da fita ba mai lura.

Don Allah a goge farce a waje ko a buɗe taga, a rufe kwalbar, a fitar da audugar kafin a kawo garwashi. Kuma kar a juye shi a robar lemo, yaro in ya ji ƙamshin alawa sha zai yi. In hakan ta faru kar a sa shi amai, a tafi asibiti da shi da kwalbar a hannu.